Daga Amanar Maigida Zuwa Bizar Intanet: Tarihin Takardun Shige da Fice a Zangunan Akra

1.0 Gabatarwa

A tsofaffin gidajen Nima da Maamobi da ke birnin Akra na ƙasar Gana, da wuya a rasa wata adaka ko akwatin ƙarfe da aka adana ƙunshin takardu a ciki. Idan aka kwance ƙunshin, akan tarar da fasfon da wa'adinsa ya daɗe da ƙarewa, da katin awon jarirai, da rasiɗin haraji, wani lokaci har da takardar sallama daga aikin soja ta wani kaka da ya jima da rasuwa. Dattawan da ke riƙe da makullin irin wannan adaka ba sha'awar kayan tarihi ce ta sa suke tattalinta ba. Sun ga ranar da rashin takarda guda ya raba mutum da gidan da ya gina da guminsa.

A yau kuma ƙasashen duniya suna ƙaura daga takardar da ake riƙewa a hannu zuwa bayanan da ake adanawa a rumbun kwamfuta. Bizar da a da ake manna wa a shafin fasfo ta fara zama rubutu a asusun intanet, katin izinin zama kuma yana komawa lambar da ake dubawa ta waya. Wannan maƙala ta bi diddigin matakan da shaidar tafiya da ta zama suka bi a zangunan Akra, tun daga zamanin fatake har zuwa wannan sauyi. Abin da tarihin ya nuna shi ne, duk lokacin da hukuma ta sauya irin shaidar da take karɓa, wanda ya fi shan wuya shi ne mai haƙƙin da ba a taɓa rubuta haƙƙinsa daidai a rajistar da ta gabata ba.

2.0 Zango Kafin Zuwan Takarda

Kalmar zango, wadda mutanen Gana ke rubutawa Zongo, asalinta masaukin ayari ce. Ɗaruruwan shekaru fataken ƙasar Hausa da na Barno suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, inda suke kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su sayo goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Tafiya ce ta watanni, wadda ke ratsa ƙasashen sarakuna da dama, kuma babu ɗan ayarin da ke ɗauke da fasfo. Madugu ne ke magana da yawun kowa. Shi ke gaida sarkin gari, ya daidaita kuɗin fito da na wucewa, ya ɗauki alhakin duk wanda ke ƙarƙashinsa.

Idan ayari ya sauka, sai maigida ya karɓi ragamar. Maigida shi ke ba baƙo masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi. Idan baƙo ya ci amana, maigidansa ake nema. Almajiri ko malamin da ke tafiya yakan riƙe wasiƙar larabci ko ta ajami daga malaminsa zuwa wani malamin da ke gaba. Ke nan, shaidar mutum a wancan zamani wani mutum ne mai rai wanda aka sani, wanda zai buɗe baki ya ce: na san wannan, kuma na san ubansa.

Cin Kumasi da Ingilishi suka yi a 1874 ya raunana ikon Asante a kan hanyar goro, sa'an nan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar. Fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da garuruwan bakin teku. Akra, wadda ta zama hedikwatar mulkin mallaka a 1877, ta riga ta karɓi wasu baƙin tun kafin nan, ciki har da sojojin da Kyaftin John Glover ya ɗebo daga Legas, waɗanda aka riƙa kira Hausawa ko da kuwa ba dukkansu ne Hausawan asali ba. Malam Idris Naino ya shugabanci Hausawan tsohon zango na tsakiyar gari, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango wajajen 1912 a kan filin da ya samu daga sarakunan Ga. Sunayen unguwanni irin su Tudu da Fadama suna nan suna ba da shaidar wannan zama.

3.0 Nima da Maamobi a Ƙarƙashin Turawa

Nima ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga. Shi ma ya zama maigida irin na dā, yana yanka wa baƙi filaye suna gini. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo barikokin soja da ayyukan lebura kusa da wurin, sai unguwar ta cika ta tumbatsa, har ta haɗe da maƙwabciyarta Maamobi. A nan Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Wangarawa da Yarbawa suka zauna tare da 'yan arewacin ƙasar irin su Dagomba da Frafra, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da masallaci.

A bisa doka, akwai iyakoki tun wancan lokaci. Taron da Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ta kira a Faris a 1920 shi ya tsara fasfo a siffar ɗan littafin da aka sani yau. Amma a aikace, gwamnatin mallaka ba ta matsa wa baƙin Afirka ta Yamma da neman takarda ba, domin tana buƙatar ƙarfinsu a gonakin koko da ma'adinan zinariya da tashoshin jiragen ruwa. Bahaushen Kano da ya sauka Akra bai bar ƙarƙashin tutar Ingila ba, kuma kuɗin da ke aljihunsa, wato sulen Afirka ta Yamma, shi ake kashewa a garuruwan biyu. Waɗanda suka fito daga ƙasashen Faransa, kamar Nijar da Haute-Volta, da yawansu gudun harajin kai da aikin tilas suka yi, aikin da ba a soke shi ba sai 1946. Irin waɗannan ba su da dalilin zuwa gaban wani jami'i su ce a rubuta sunansu.

Rajistar haihuwa kuwa, ko da yake akwai ta a manyan garuruwa, ba ta shiga al'adar zango ba. Yaro ana haifarsa a gida, a yanka ragon suna ranar bakwai, liman ya raɗa suna a gaban jama'a, magana ta ƙare. Shekaru kuma da abin da ya faru ake lissafa su: wane an haife shi shekarar girgizar ƙasa, wato 1939, wance kuma shekarar da sojoji suka dawo daga Bama. Wannan tsari ya wadatar da unguwa, amma bai bar sawu ko ɗaya a littafin gwamnati ba.

4.0 'Yancin Kai da Tambayar Wane Ne Ɗan Ƙasa

Ranar 6 ga Maris, 1957, Gana ta sami 'yancin kai, kuma a wannan shekarar aka kafa dokar zama ɗan ƙasa. Dokar ba ta wadatu da cewa an haifi mutum a ƙasar ba, sai ta duba inda aka haifi mahaifansa. Tambayar da ba a taɓa yi wa ɗan zango a ofis ba ta zama ita ce ginshiƙin matsayinsa.

Ba a yi nisa ba aka ga amfanin da siyasa za ta iya yi da wannan tambaya. A cikin shekarar 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba, jagoran zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan Lalemi, waɗanda dukkansu jiga-jigai ne a jam'iyyar Musulmi da ke adawa da gwamnati. Mutanen biyu suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. Shari'ar ba ta kai ƙarshe ba, sai majalisa ta zartar da wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, wadda ta yanke shari'ar, aka kai su Najeriya. Mutanen zanguna sun fahimci saƙon: idan attajiri mai jama'a bai iya kare kansa da shaidar baki ba, ina ga ɗan dako?

Dokar baƙi ta 1963 ta wajabta wa duk wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar izinin zama, amma ba a tsananta wajen aiwatar da ita ba. Dokar zama ɗan ƙasa ita kanta an yi ta jujjuya ta. An sabunta ta a 1961, dokar soja ta 1967 ta buɗe ƙofa ga wanda aka haifa a ƙasar, sa'an nan gyaran da aka yi mata a 1969 ya sake rufe ƙofar. Mutum yana zaune a ɗakin da aka yanke masa cibiya, matsayinsa yana sauyawa a Akra ta ofisoshi, shi bai sani ba.

5.0 Nuwamban 1969: Mako Biyu

Ƙidayar 1960 ta nuna cewa kimanin kashi 12 cikin ɗari na mazauna Gana baƙi ne, mafi yawansu daga Togo da Haute-Volta da Najeriya. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 farashin koko ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, rashin aikin yi ya yawaita, sai yatsa ya koma kan baƙo. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Abrefa Busia, wadda ba ta cika wata uku a kan mulki ba, ta fitar da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da izinin zama ya samo shi cikin mako biyu, ko ya bar ƙasar kafin 2 ga Disamba.

Umarnin bai ƙirƙiro sabuwar doka ba, tsohuwar doka ya farkar. A nan tarkon yake. Kafin a ba mutum izinin zama, sai ya nuna fasfon ƙasarsa. Kafin ofishin jakadanci ya ba shi fasfo, sai ya tabbatar da cewa shi ɗan can ne. Ofisoshin jakadancin kuwa ba su da ma'aikatan da za su sallami dubban mutanen da suka yi cincirindo a ƙofofinsu cikin kwana goma sha huɗu. Wanda aka haifa a Nima, ubansa kuma ya zo daga Sakkwato ko Dosso tun yana saurayi, sai ya tsinci kansa a tsaka mai wuya: ba shi da takardar haihuwar da za ta ɗaure shi da Gana, ba shi da ta ɗaure shi da ƙasar kakanni.

Dubban ɗaruruwan mutane suka fice cikin 'yan watanni. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa da motoci a kan farashin wulaƙanci, wasu kuma aka bar su a hannun maƙwabta bisa amana. Iyalai suka rabu, uwa 'yar ƙasa ta zauna, uba ya tafi da wasu 'ya'yan. Manyan motoci suka yi jerin gwano a kan iyakar Aflao da hanyoyin arewa, yaran da ba su san ko'ina ba sai Akra aka kai su garuruwan da a labari kawai suke jin sunansu. Dokar bunƙasa kasuwancin 'yan ƙasa ta 1970 ta biyo baya, ta keɓe ƙananan sana'o'in saye da sayarwa ga 'yan Gana. Ƙidayar 1970 ta nuna yawan baƙi ya sauko zuwa ƙasa da kashi 7 cikin ɗari.

Sojoji sun kifar da gwamnatin Busia a Janairun 1972, kuma wasu daga cikin korarrun sun lallaɓo sun dawo. Amma darasin ya zauna daram. Maigida da liman da sarkin zango duk sun san mutum, sun san ubansa, amma a wannan makon biyu saninsu bai hana a loda shi a mota ba. Tun daga lokacin adakar takardu ta sami matsayinta a ɗakin dattijo.

6.0 Zamanin ECOWAS

An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a watan Mayun 1975, kuma a 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar walwalar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi. Ga 'yan zango, waɗanda danginsu ke warwatse daga Kumasi zuwa Yamai da Kano, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai kwana 90 ba izinin zama ba ne. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin barin Najeriya, kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya suka kwaso kayansu a jakunkunan da har yau ake kira da sunan wannan kora. Abin da ya faru a Akra ya maimaita kansa a Legas, kuma makamin ɗaya ne, wato dokar da aka daɗe ba a aiki da ita.

Tsarin mulkin Gana na 1992 ya tanadi cewa wanda aka haifa bayan fara aiki da shi ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin mahaifansa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 2000 ta jera sharuɗɗa daban-daban gwargwadon lokacin da aka haifi mutum. Saboda haka, matsayin matashin Maamobi na yau yana iya rataya a kan amsar tambayar da ta shafi kakarsa: a ina aka haife ta, kuma wa zai tabbatar? Shugabannin zanguna da na Fulani sun sha kokawa cewa ana tsananta wa jama'arsu tambayoyi idan sun je neman fasfo ko katin shaida, saboda suna ko harshe kawai. Wahalar layi da tambayoyi ita ta haifar da 'yan tsakiyar da ake wa laƙabi da "goro boys", laƙabin da aka aro daga goron da Bahaushe ke bayarwa na godiya.

7.0 Daga Aljihu Zuwa Rumbun Bayanai

Gana ta fara ba da fasfo mai ɗauke da zanen yatsu a 2010, sa'an nan a Disamban 2024 ta ƙaddamar da fasfo mai ƙwayar lantarki a cikinsa. Amma babban sauyin ya zo ne ta hanyar katin ɗan ƙasa da ake kira Ghana Card. An kafa hukumar da ke ba da shi da dokar 2006, aka yi gagarumar rajista a 2019 da 2020. Ana ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska da na ƙwayar ido, a ba mutum lamba guda da za ta bi shi har ƙarshen rayuwa. Baƙon da ya zauna kwana 90 ko fiye shi ma akwai nasa katin, wanda ake biya da dala kuma ake sabuntawa.

Cikin 'yan shekaru katin ya zama mabuɗin kusan kowace ƙofa. Daga Oktoban 2021 aka fara sake rajistar layukan waya da shi, kuma a ƙarshen Mayun 2023 aka rufe miliyoyin layukan da ba a haɗa ba. Daga Yulin 2022 babban bankin ƙasa ya umarci bankuna su riƙa karɓar sa shi kaɗai a matsayin shaida. Mai sayar da hatsi ko kayan yaji a kasuwar Laraba ta Nima, wadda cinikinta ya dogara da kuɗin waya, ta gane cewa rashin kati yana iya tsayar da sana'a ba tare da wani ɗan sanda ya zo rumfarta ba.

Kotun ƙoli ma ta taka rawa wajen rage darajar tsofaffin takardu. A 2014 ta yanke cewa katin inshorar lafiya ba hujja ba ne na zama ɗan ƙasa wajen rajistar zaɓe. A 2020 kuma ta amince da cire tsohon katin zaɓe da takardar haihuwa daga jerin shaidun sabuwar rajista, tana mai cewa takardar haihuwa ba ta tabbatar da cewa mai riƙe da ita shi ne wanda aka rubuta a ciki. Abin lura a nan shi ne, a rajistar katin ɗan ƙasa da ta zaɓe an bar ƙofa ga wanda ba shi da takarda ya kawo masu tsaya masa: ɗan'uwa mai kati, ko mutum biyu da suka san shi, su yi rantsuwa. Aikin maigida na zamanin ayari ya dawo ke nan ta bayan gida, amma a wannan karon sau ɗaya ake sauraronsa. Abin da aka shigar a kwamfuta ranar, shi zai ci gaba da magana.

8.0 Bizar Intanet

Bizar lantarki ba sabuwa ba ce a duniya, domin Ostareliya ta fara irinta tun 1996. Abin da ya sabunta shi ne yadda ta game ƙasashen da mutanen zango suka fi zuwa. Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido ta intanet a 2019, bizar Hajji da ta Umara kuma yanzu ta na'ura ake fitar da su, ana haɗa su da manhajar Nusuk. Jikan alhajin da ya taka ƙasa daga Akra zuwa Kano, ya bi ta Maiduguri da Sudan har bakin Bahar Maliya cikin shekaru, yau tafiyarsa tana iya tsayawa saboda harafi ɗaya ya saɓa tsakanin fasfonsa da abin da aka shigar. Najeriya ta koma bizar intanet a watan Mayun 2025, tare da katin shiga da na fita na lantarki. Gana ta girka ƙofofin tantancewa masu aiki da kansu a filin jirgin saman Akra a ƙarshen 2024.

Misalin Ingila ya fi kowanne jan hankali, domin akwai 'yan Nima da Maamobi da dama da ke zaune a Landan da sauran biranenta. Katunan izinin zama da ƙasar ta bayar kusan duka sun ƙare aiki ranar 31 ga Disamba, 2024, aka maye gurbinsu da asusun intanet wanda ke haɗe da lambar fasfo. Mai neman aiki ko hayar gida yana ciro wata lamba ce daga asusun ya ba mai tantancewa. Idan ya sabunta fasfo bai sanar da asusun ba, kamfanin jirgi yana iya hana shi hawa. Dattijon da izininsa na dindindin hatimin tawada ne a tsohon fasfo kuwa, sai ya sake gabatar da kansa kafin a buɗe masa asusu.

Ingila ɗin ce kuma ta ba duniya gargaɗi. A 2018 aka bankaɗo abin kunyar da ake kira Windrush, inda mutanen da suka shiga ƙasar bisa doka tun suna yara, mafi yawansu daga tsibiran Karibiyan, suka rasa ayyuka da magani, aka tsare wasu, aka kori wasu, saboda sun kasa kawo takardun da ba a taɓa ba su ba. An gano cewa hukuma ta lalata katunan saukarsu na asali a 2010. Sakatariyar harkokin cikin gida, Amber Rudd, ta yi murabus a kan lamarin. Duk wanda ya san Nuwamban 1969 zai gane fuskar wannan labari.

Akwai kuma sabon ƙulli a gida. Ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, kuma ƙasashen uku sun fitar da fasfonsu na haɗin gwiwa. ECOWAS ta nemi mambobinta su ci gaba da karɓar takardun 'yan waɗannan ƙasashe da ba su damar zirga-zirga har sai an sanar da wani abu daban. Zabarmawa da Mosawa da Hausawan Nijar da ke Nima suna zaune ne a ƙarƙashin wannan rangwame, kuma tarihi ya nuna cewa rangwame ba doka ba ne.

9.0 Shirin da Tarihi Ya Koyar

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko da ke buƙatar gyara tun da sauran lokaci shi ne suna. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a gida, Mohammed a takardar makaranta, Mahama a katin asibiti. Abubakar yakan koma Bukari ko Garba, wani ya sa sunan uba a gurbin sunan iyali, wani ya sa na kaka ko na gari. Jami'in dā yakan dubi fuska ya gane mutum ɗaya ne, amma na'ura ba ta da wannan uzuri. Haka ranar haihuwa, wadda aka yi wa dattawa da yawa ƙiyasinta, kowane ofis da nasa ƙiyasin. Daidaita waɗannan tsakanin katin ɗan ƙasa da fasfo da takardar haihuwa, ta hanyar rantsuwar kotu inda ya wajaba, ya fi sauƙi kafin a nemi biza.

Na biyu shi ne silsilar asali. Tun da doka tana duban mahaifa da kakanni, shaidar tsofaffin da suka san inda aka haifi wane da wance dukiya ce mai ƙarewa. Rajistar haihuwa kyauta ce a Gana cikin shekarar farko ta jariri, kuma babu abin da zai hana a haɗa ta da shirin suna. Haka aure: dokar auren Musulmi ta 1907 ta tanadi a yi rajistarsa cikin mako guda, amma kaɗan ne ke yi, alhali takardar aure ce ake fara nema idan mace za ta bi mijinta wata ƙasa.

Na uku shi ne mallakar mabuɗi. Da yawa daga cikin masu neman biza wani yaro ne a shagon intanet ko wakilin tafiye-tafiye ke cika musu fom, da adireshin imel ɗinsa da lambar wayarsa. Wanda ke riƙe da imel da lambar sirri shi ke riƙe da bizar. Barin su a hannun wani daidai yake da barin fasfo a rumfar da ba a san ranar tashinta ba.

Na huɗu, kada a zubar da tsohuwar takarda don an sami sabon asusu. Da tsohuwar zuma ake magani. Ranar da rumbun bayanai ya yi kuskure, hatimin da ke tsohon fasfo da rasiɗin da ya yi ja su ne za su nuna cewa mutum yana nan tun kafin a kunna na'urar. Hukuma ita ma akwai nata nauyin: ta adana tsofaffin rajistocinta, ta ba da wa'adi mai faɗi, ta kuma tanadi ofishin da mutum zai je ya yi magana da ɗan'adam idan kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.

10.0 Kammalawa

A cikin kimanin shekara 150, shaidar ɗan zangon Akra ta tashi daga bakin maigida, ta koma takardar aljihu, yanzu kuma tana komawa rumbun da ba ya iya gani. Bizar intanet tana da alfanu na zahiri: ba ta ɓata a mota, ba ta jiƙewa a ambaliyar damina, kuma tana rage layin da 'yan tsakiya ke ci da shi. Amma abin da aka zuba mata shi take riƙewa, daidai ne ko kuskure. A 1969 an ba mutane kwana goma sha huɗu su gyara abin da aka yi shekara hamsin ba a rubuta ba. A wannan karon sanarwa ta zo da wuri, kuma da yawa daga cikin dattawan da za su iya ba da shaida suna raye a Nima da Maamobi. Aikin da ke gaban sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa shi ne su buɗe adakar tare da masu ita, su karanta abin da ke ciki, su tabbatar an shigar da shi daidai.